Malam, Shigo da Kalangu Aji

Malamin sakandare mai koyar da tarihin kiɗa ba sai ya jira littafi daga ma'aikatar ilimi ba. Waya da ƙaramar sifika sun isa. Ka sa wa ɗalibai waƙar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ka bi ta da ta Musa Ɗanƙwairo, su fitar da bambancin kiɗan jama'a da na fada. Kada ka tsallake Barmani Choge. Amadarta da kiɗan ƙwarya ne ƙofar tarihin waƙar mata, kuma a nan 'yan matan ajin za su saki baki.

In da hali, gayyato makaɗin unguwa ya nuna musu yadda ake haɗa kalangu. Maganar kula da dabbobi za ta taso da kanta, tunda fatar akuya ce a bakin kalangu, tsarkiyar goge kuwa gashin wutsiyar doki ne. Yaya aka riƙe akuyar kafin ta kai ga wuƙa?

Daga nan sai jaki, wanda yara suka saba gani da gyambo a gadon baya har ya daina damunsu. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fatarsu, saboda cinikin fatar zuwa Sin na neman ƙarar da su. Kowane ɗalibi ya lura da jaki ɗaya ranar kasuwa, ya rubuto irin kayan da aka ɗora masa, ko an shayar da shi, da halin kofatonsa. Ka kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya duba rubutun tare da su.