Kafin a Sake Aza Harsashin Wani Gini: Shawara ga Dattawan Ikilisiya

Duk ikilisiyar da ke son sanin ainihin aikin da ta sa a gaba, kada ta duba abin da aka rubuta a allon ƙofar majami'a. Ta ɗauko littafin ma'aji. A nan za a ga nawa ya tafi siminti da kwanon rufi, nawa man janareta ya ci, nawa aka kashe wa baƙin taron cika shekara, nawa kuma ya isa hannun mai bisharar da aka tura ƙauye. A ikilisiyoyi da yawa na Arewa, layin nan na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma ake fara tsallakewa in aljihu ya yi sanyi. Don haka, ya ku fastoci da dattawa, in za a sake tunani a kan tsarin aikin bishara, daga wannan littafi ya kamata a soma.

Ku zauna da ma'aji da magatakarda, ku tattaro lissafin wata goma sha biyu da suka wuce. Ku kasa kuɗin gida uku: abin da muka kashe wa kanmu, abin da muka aika gunduma da hedkwata, da abin da ya fita zuwa ga mutanen da ba sa zama a kan bencinmu. Sai a karanta sakamakon a gaban jama'a ranar Lahadi, da lambobinsa, ba a dunƙule ba. Daga nan ikilisiya ta tsai da kason da za a riƙa warewa domin aikin waje. Ko kashi goma cikin ɗari ne, ba laifi, muddin za a cire shi ranar Litinin da safe, kafin a biya kowa. A buɗe masa asusu na daban, da sa hannun mutum biyu ko uku, a kuma rubuta cewa kwamitin gini ba shi da ikon cin bashi daga ciki. Bashin da kwamitin gini ya ci, kowa ya san ranar biyansa ba ta zuwa.

A cikin masu sa hannun nan lallai a sa mace. Zumuntar Mata ce ke ziyarar marasa lafiya, ita ke kai hatsi gidan gwauruwa, ita ke tara kwabo-kwabo har ya zama albashin mai bishara, amma in an zo zaman kasafin kuɗi sai a bar ta a bakin murhu tana dafa wa masu zaman abinci. Wannan asara ce, ba ladabi ba.

Wani zai ce ai sai mun tsaya da ƙafafunmu tukuna kafin mu aiki wani. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Ƙungiyar aika masu bishara da yau ake kira EMS ta fara ne a 1948, shekara shida kafin a kafa ɗarikarta, ECWA, a 1954. Wato aikawa ta girmi sunan ɗarikar. Waɗanda suka ɗauki nauyinta a lokacin ba su da majami'u masu tayil. Mafi yawansu manoma ne, suna sujada a ɗakunan laka. Daga 1970 zuwa 1988, da Panya Baba ke shugabantarta, ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin aikin bishara na 'yan Afirka. In kakanninmu sun iya da damin dawa, hujjarmu ta rashin kuɗi tana bukatar a sake dubanta.

Ba ina cewa gini haramun ba ne. Jama'a na bukatar inuwa, damina kuma ba ta san uzuri ba. Amma ku tuna abin da ya sami EYN. Ikilisiyar da ta fara a Garkida a 1923 ta ga ranar da Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, a watan Oktoba na 2014, har shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u masu yawa, membobi suka watse zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru. Abin da ya tsira shi ne abin da ke cikin mutane: dattijon da ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya koyar, uwar da ta iya tara maƙwabtanta a sansanin gudun hijira su yi addu'a. Inda aka sami irin waɗannan, ikilisiya ta sake tsirowa a baƙon wuri. To, ku tambayi kanku: in fasto bai samu zuwa ba wata uku, mutum nawa ne a cikinmu za su iya riƙe sujada, su yi jana'iza, su sasanta miji da mata? In amsar ba ta kai biyar ba, horar da mutane ya fi sabon bene gaggawa. Ku raba ikilisiya unguwa-unguwa, kowace ƙungiya gidaje kaɗan, a ba kowace shugabanni biyu, fasto ya riƙa zama da shugabannin nan sau ɗaya a wata yana koya musu. Ya kuma bar su su yi, ko da za su yi tuntuɓe.

Hakan ba zai yiwu ba sai an rage wa kalanda kaya. Makon mata, makon maza, makon matasa, makon mawaƙa, bikin godiya, ƙaddamar da wannan, ƙaddamar da wancan, kowanne da ambulan ɗinsa. Mutumin da ke majami'a yamma biyar a mako, yaushe zai zauna da maƙwabcinsa? Ku ɗauki kalandar bara, ku tambayi kowane taro: wa ya zo wanda ba namu ba ne? Wanda bai da amsa shekara uku a jere, a haɗe shi da wani ko a sallame shi. Za a yi gunaguni, musamman daga masu riƙe da muƙamai, amma zai wuce.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato yadda ake riƙon mai bishara. A ɗora masa hannu da waƙa da guɗa, a ɗauki hoto, mota ta sauke shi da matarsa da 'ya'yansa a ƙauye, shi ke nan sai a taron shekara. Kafin ku aiki kowa, ku amsa tambayoyin nan a rubuce. Ranar nawa ga wata kuɗinsa zai shiga? Ina 'ya'yansa za su yi karatu, wa zai biya? In matarsa ta fara naƙuda da dare, wane asibiti ne mafi kusa, da me za a kai ta? In hari ya auku, wa zai kira, ina zai nufa? Dattawa biyu su riƙa kai masa ziyara aƙalla sau biyu a shekara, su kwana a gidansa, su sha ruwan da yake sha. Rahoton da aka karanta a ofis daban, wanda aka gani da ido daban. In ƙarfinku bai kai ku riƙe mutum uku da mutunci ba, ku riƙe ɗaya.

Ku kuma tura shi da sana'a a hannu. Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Mai bisharar da ya iya allurar dabbobi, ko gyaran famfon burtsatse, ko koyar da yaƙi da jahilci, yana da dalilin zama a gari da kowa zai gane, ba zai kuma zama nauyi a kan talakawan da ya je wa ba. Dubi abin da ya faru a Maraɗi. Tun daga 1983, wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya riƙa nuna wa manoma cewa kututturan da suke sarewa a gonakinsu itatuwa ne masu rai, in an rage tohon aka bar 'yan rassa masu ƙarfi za su tashi. Dabarar ta bazu a miliyoyin kadada na ƙasar Nijar, galibin waɗanda suka amfana kuwa Musulmi ne. Asibitin mishan na Galmi ma tun 1950 yake duba duk wanda ya zo, ba a tambayarsa addininsa kafin a ba shi gado.

A nan akwai iyaka da bai kamata a ƙetare ba. Kada taimako ya zama tarko. Ranar da aka ce sai ka shigo majami'a za ka sami buhun masara, an zubar da mutuncin mai karɓa, an kuma ba masu zargi hujja. A ba da rijiya don mutane na jin ƙishi. A faɗi bangaskiya a fili ga wanda ke son ji, a bar masa 'yancin cewa a'a, gobe kuma a gaishe shi kamar jiya. A garuruwan da aka sha zubar da jini, zuwa suna da ta'aziyya da barka da salla ba ɓata lokaci ba ne. Juya lasifika ta daina kallon gidan maƙwabci ma aiki ne.

Sai harshe. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa, Hausa ta zama harshen sujada ga Angas, Birom, Bajju, Tangale da sauransu da yawa. Alheri ne babba, amma tsohuwar da ke can bayan dutse wataƙila rabin wa'azin kawai take kamawa, yaron birni kuma ya karkata ga Turanci. A zaɓi harshe bisa ga mai sauraro, ba bisa ga abin da ya fi wa mai wa'azi sauƙi ba. In kuma aikin a ƙasar Hausa ne, akwai Kiristoci Hausawa a ƙauyukan Kano, Katsina da Zazzau da suka gaji bangaskiyar nan tun daga kakanni. Da ɗan gari akan ci gari. A ba su jagoranci da kasafin kuɗi, a daina gayyato su taro don su ba da shaida kawai a tafa musu.

Kafin ku kafa sabon reshe, ku zaga ku ƙirga. In titin yana da majami'u huɗu, na biyar ba bishara ba ce, gasa ce. Ku duba rajistarku: cikin waɗanda suka ƙaru bara, nawa aka yi wa baftisma a matsayin sababbin masu bi, nawa kuma suka ƙauro daga wata ɗarika? Tun 1955 akwai tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN, akwai kuma zaman fastocin gari. A yi amfani da su a raba wuraren aiki, wannan ya ɗauki gabas, wancan yamma.

Wurin da kuka kafa kuwa, ku sa ranar sakinsa tun ranar farko. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a ƙarni na 19, ya koyar da cewa ikilisiya ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗu da kanta. Da wannan tunani aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, ɗan Afirka, bishop a 1864. Amma a ƙarshen rayuwarsa wasu matasan Turawan mishan suka zo suka ƙwace ragamar aikin mishan na Neja daga hannunsa, ya rasu a 1891 cikin ɓacin rai. Muna jin haushin labarin nan, alhali uwar ikilisiya a birni takan yi wa 'yarta ta ƙauye irin haka: ita ke riƙe baikonta, ita ke zaɓa mata dattawa, shekara ashirin ana kiranta ɗakin addu'a. Ku rubuta yarjejeniya. Shekara biyu na farko ku ɗauki nauyin albashi duka. A ta uku mutanen reshen su kawo rubu'i, ko da hatsi ne, a ta huɗu rabi. Daga shekarar farko ma'ajinsu ya zama ɗan garin, baikonsu ya kwana a hannunsu. A shekara ta shida su zaɓi dattawansu, ku miƙa musu takardun fili, su kuma buɗe nasu asusun aikin waje kafin su sayi bulo na farko.