Kumfar Kashe Gobara da Ƙwayoyin Cikin Ƙasa

A wannan ɗan rubutu nawa ina so in yi bayani a kan wani aiki da ƙwayoyin bakteriya ke yi a cikin ƙasa, aikin da ido ba ya gani.

Kowa ya san ruwa ba ya kashe wutar fetur, domin man yakan taso bisa ruwan ya ci gaba da ci. Saboda haka a shekarun 1960 sojan ruwa na Amurka da kamfanin 3M suka haɗa wata kumfa mai shimfiɗuwa bisa mai ta toshe wa wuta iska. Bayan gobarar jirgin ruwan yaƙi Forrestal a 1967, wadda ta ci mutum 134, sai amfani da kumfar ya bazu. 'Yan kwana-kwana suka yi ta fesa ta a filayen jirgin sama, tana nutsewa ƙasa har ta kai ga rijiyoyi.

Sinadaran da ke cikinta ana kiransu PFAS. Sukan shekara da shekaru a jinin mutum, kuma a 2023 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ɗayansu, watau PFOA, cikin masu jawo cutar. Siffar kowannensu kamar maciji take, da kai da wutsiya. Wutsiyar sarƙa ce ta kabon wadda fulorin ya lulluɓe ta ko'ina, kuma ɗaurin kabon da fulorin yana daga cikin mafi ƙarfi da aka sani.

To, yaya ƙwayoyin ƙasa ke yi da su? Yawanci kan suke ci. Akwai wata mai suna Gordonia, idan ta rasa farar wuta a abincinta sai ta ciro ta daga kan wasu sinadaran kumfar, ta ɗan gutsuri wutsiyar ta bar saura. Hausawa kan ce an kashe maciji ba a sare kai ba. A nan kuwa kan aka sare, amma dafin yana wutsiya! Guntayen da suka rage sun fi na farkon saurin bin ruwa. Don haka ni a ganina, in aka ce sinadari ya ɓace daga ƙasa, ya kamata a tambaya me ya zama.

Ba wai fulorin ya gagari ƙwayoyin nan ɗungum ba ne. A Afirka ta Kudu akwai wani tsiro mai kashe shanu, dafinsa yana ɗauke da fulorin guda, kuma ƙwayoyin ƙasa suna kwance shi ba wuya. Amma PFOA guda 15 gare shi a cunkushe, babu kafar shiga. Bugu da ƙari, fulorin da aka kwance guba ne ga ƙwayar kanta, sai ta yi ta faman fitar da shi.

A 2019 masana a Jami'ar Princeton suka ba da labarin wata ƙwaya da ake kira A6, wadda aka samo a wata fadama ta jihar New Jersey. Amoniya take ci, sa'an nan ta dogara ga ƙarfen da ke cikin ƙasa kamar yadda muke dogara ga iska. Da aka zuba mata PFOA, cikin kwana 100 ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari, aka kuma sami fulorin a kwance cikin ruwan. Amma fa a kwalba aka yi wannan gwaji, kuma ƙwayar ƙasa mai tsami take so, mai yawan ƙarfe, wadda iska ba ta shiga.