Gigin Tsufa da Mahaɗun Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Iyali Su Yi

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗu, inda ƙwaya ɗaya ke sakin sinadari ɗayar kuma ta karɓa. A cutar Alzheimer, wani nau'in gigin tsufa da likita Bajamushe Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906, waɗannan mahaɗu ne ke fara lalacewa tun kafin ƙwayoyin su mutu. Bincike ya nuna cewa gwargwadon raguwarsu gwargwadon tsanantar mantuwa, kuma ana danganta ɓarnar da taruwar sinadaran amiloyid da tau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa.

Idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko ya ɓata a hanyar da ya saba bi, a hanzarta kai shi asibiti. Ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa da matsalar maƙoƙo kan haddasa mantuwa, kuma duk suna da magani. A cutar Alzheimer kuwa, magunguna irin su donepezil suna ƙarfafa saƙon da ke ratsa ragowar mahaɗun. Sukan sassauta alamu amma ba sa warkarwa, kuma sai da umarnin likita ake shan su.

Wajen rigakafi, a kula da hawan jini da ciwon suga, a daina shan taba, a riƙa motsa jiki da samun isasshen barci, a magance raunin ji. Wanda ya riga ya kamu yana buƙatar hira, tsayayyen tsarin yini da haƙurin masu jinya. Kada a tsawata masa ko a killace shi, domin kaɗaici kan ƙara ruɗa shi.