Yadda ake zana taswirar Zangon Agege da idon mai shirya fim

Mai shirya fim ba ya ɓata lokaci wajen gaya maka inda kake. Da ya hasko motar danfo ruwan ɗorawa mai baƙin zane a gefe, ka san Legas ce. Wannan dabarar ɗalibin zane zai ara idan aka ba shi aikin taswirar unguwa, ko a Kwalejin Fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947 yake karatu, ko a shagon maigidansa yake koyon sana'a.

Da ƙafa ake fara aikin, kwamfuta sai daga baya. Ɗauki takarda da fensir ka shiga unguwa, ka gaida dattawa, ka tambayi mai goro da mai Keke Napep yadda suke yi wa baƙo kwatance. Za ka ji ana cewa ka sauka a Pen Cinema, ka tsallaka layin dogo. Gidan siniman ya daina nuna fim tuntuni, amma sunansa ya zauna daram, har gadar saman da aka buɗe a 2021 da shi ake kiranta. Duk sunan da ya fito daga bakin mutum uku ko huɗu, rubuta shi yadda suka faɗa.

Sai ka ja ƙashin bayan taswirar. A Agege layin dogo ne, wanda ya haɗa Legas da Kano tun 1912, ya sauƙaƙa wa fataken goro zuwa kudu. Ja shi da kauri, ka ɗora manyan tituna, sannan lunguna. Kana iya duba OpenStreetMap don daidaita tazara, amma abin da idonka ya gani shi ne gaba.

Alamomi ne wurin da ake gane gwani. Kowane wuri a ba shi abu ɗaya tak, kamar yadda kyamara ke matsowa kan abu guda ya wakilci wuri duka. Markaz, makarantar Shehu Adamu al-Ilori, buɗaɗɗen littafi ya ishe ta. Kwatar Oko-Oba, ƙahon sa. Masu goro, huhu. Gidan burodi, dogon burodin nan da Agege ta yi suna da shi. Ina roƙon ɗalibai su bambanta masallacin Juma'a da na unguwa, domin baƙon da ya sauka ranar Juma'a wannan zai fara nema. Zana kowace alama da baƙin tawada kawai, ka rage ta ta koma girman farce. In ba a gane ta a haka ba, launi ba zai cece ta ba, sake zanawa.

Wanda aka ba aikin taswirar kasuwar Jankara a tsibirin Legas, kusa da Idumota inda dillalan finafinai suka yi sansani, haka zai bi, sai dai lungunan can sun fi matsewa, dole ya rage alamomi.

Launi uku sun isa. Sanya fassarar alamomin a gefe da boko da ajami, saboda dattawan Zango da yawa ajami suka fi karantawa. Kafin bugu, koma wa mai goron nan da ka fara tambaya, miƙa masa takardar ba tare da bayani ba, ka ce ya nuna maka rumfarsa. Inda ya yi jinkiri, nan gyara yake.

Daga nan sai Shomolu, unguwar madaba'u. Kafin ka miƙa aikin, mayar da rubutun zane a CorelDRAW, in ba haka ba injinsu zai iya cinye lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ.