Alamomin Raguwar Ji: Kada A Ce Tsufa Ne Kawai



Raguwar ji a hankali take shigowa. Ku lura da waɗannan alamomi a gida:

1. Yawan cewa "na'am, me ka ce?"
2. Ƙure ƙarar rediyo.
3. Kasa gane magana cikin taro.
4. Jariri ba ya firgita da ƙara.

Kada a sa tsinke ko gashin kaza, kada a ɗiga mai. A je likitan kunne ya yi gwaji. Wani dauɗa ce kawai ta toshe, wani kuma sai na'urar ƙara ji, wadda ake saitawa daidai da kunnensa. Ba abin kunya ba ce, kamar tabarau take.

In ji ya ɗauke farat ɗaya, a tafi asibiti a ranar.

Allah Ya ƙara mana lafiya.