Yini Guda a Ƙasar Jazira

A shekarar 1961 akwai wani saurayi mutumin ƙasar Zazzau, sunansa Sani, yana koyon aikin auduga a Wad Madani, cikin ƙasar Sudan. Ran nan sai ga abokinsa Garba ya sauka wurinsa a kan hanyarsa ta zuwa Makka. Suka yi murna ƙwarai da ganin juna, gama tare suka yi makarantar allo.

Da dare ya yi, Garba ya ce, "Sani, ina da saƙon Baba. Ka san ƙanensa, Baba Ƙarami, ya fita aikin haji da ƙafa tun ina goye, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba. Baba ya tsufa, ya ce kada in komo sai da labarinsa, ko mai daɗi ko marar daɗi."

Sani ya ce, "Gobe Jumma'a, ba aiki. Sai mu tafi Mai Wurno. In dai ya bi ta ƙasar nan, ba a rasa wanda ya san shi a can."

Da asuba suka shiga mota, suka nufi kudu. Watan Janairu ne, ana sanyi. Ko da gari ya waye, Garba ya duba dama da hagu, sai ya ga fili shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari, auduga ta yi fari fat har iyakar ganin ido. Mamaki ya kama shi, ya ce, "Yaya shuka ta yi kyau haka, ga shi kuwa rani ne?"

Sani ya ce, "Wannan ƙasa ita ake kira Jazira, wato tsibiri da Larabci, don tana tsakanin koguna biyu, Farin Nil da Shuɗin Nil, waɗanda suka haɗu a Hartum. Ruwan samanta kaɗan ne. Amma Allah ya ba ta abu biyu. Na fari, ƙasarta baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Na biyu, tana da ɗan gangara wanda ido ba ya gani, saboda haka in aka sako ruwa daga kogi, da kansa yake tafiya, ba jigo, ba guga."

Suka sauka a bakin wata gona, suka gai da mai ita. Ya nuna musu yadda ruwa ke fitowa daga babbar magudana ya shiga ƙarama, daga ƙarama ya shiga gona. Kowane manomi da ranar da za a buɗe masa, ba mai taɓa rabon wani. Ya ce ba ya shuka auduga wuri guda shekara biyu a jere. In ya yi auduga bana, sai dawa, ko wani irin wake da suke kira lubiya, wani gefe kuma a bar shi ya huta. Kuɗin audugar kuwa kashi uku ake yi: na manomi, da na gwamnati, da na hukumar da ke lura da aikin. Dawar tasa ce shi kaɗai.

Da hantsi suka isa Sinnar, tafiyar wajen mil 60 daga Wad Madani. Nan suka ga madatsar ruwan da ke shayar da gonakin nan duka. Da duwatsu aka gina ta, aka gama a shekarar 1925, tsawonta ya kusa mil 2. Shuɗin Nil daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake fitowa, yakan kawo ruwa mai yawa da damina. Madatsar ita ke tare shi, ta ɗaga shi har ya kai bakin babbar magudana, ta kuma ajiye wani saboda rani. Garba ya daɗe tsaye yana kallo, sa'an nan ya ce, "Lalle, da ruwan ciki akan ja na rijiya."

Daga nan suka ƙara gaba kaɗan, suka iso Mai Wurno, a bakin kogi. Tun daga kasuwa Garba ya ji ana ciniki da Hausa da Fillanci, ya ga ana sayar da ƙosai, sai ka ce a gida. Asalin garin kuwa shi ne, a shekarar 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a, bayan 'yan shekaru suka zauna a nan, garin ya ɗauki sunansa. Daga baya alhazai masu tafiya da ƙafa suka riƙa yada zango wurin, suna ɗibar auduga don su sami guzuri.

Bayan an sauko daga masallaci, aka kai su wurin wani dattijo Bazazzagi. Suka durƙusa suka gaishe shi, Garba ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya ambaci garinsu da unguwarsu da sunan kakansa. Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, sai haƙuri. Na san shi, tare muka ɗebi auduga shekara huɗu. Ya sauke farali, ya komo nan, yana tara kuɗin komawa gida ajali ya riske shi. Ni na yi masa wanka."

Garba ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa. Dattijo ya aika aka kira wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya ce, "Amma bai tafi haka nan ba. Ga ɗansa, sunan mahaifinka ya sa masa." Garba ya rungume yaron. Suka tafi tare aka nuna musu kabarin, suka yi addu'a. Kafin su tashi, Garba ya zauna ya rubuta wa mahaifinsa takarda, yaron ya sa hannu a ƙarshenta da ajami.

Sai bayan isha'i suka komo Wad Madani, a gajiye, amma hankali kwance. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zumunta a ƙafa take.

Tun daga wancan zamani abubuwa sun sāke a Jazira. Noman auduga ya ja baya, yaƙin da ya tashi a Sudan a shekarar 2023 kuma ya kai har Wad Madani, ya raba mutane da yawa da gonakinsu.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar Jazira? Waɗanne koguna suka sa ta tsakiya?
2. Don me ruwa ke isa gonaki ba tare da jigo ba?
3. Yaya aka yi Hausawa da Fulani suka zauna a Mai Wurno?
4. Rubuta takardar da kake tsammani Garba ya aika wa mahaifinsa.