Tashi daga birni saboda tsada: ina za a koma, kuma yaya za a yi da iyaye?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata matsala wadda ba a cika kawo ta a kan mumbari ba, alhali kuwa tana hana magidanta da yawa barci. Ita ce matsalar mutumin da zaman birni ya fi ƙarfinsa. Kuɗin haya ya hau, iyali sun ƙaru, mai gida ya ba shi wa'adi, shi kuwa abin da yake samu yana nan inda yake. Zuciyarsa tana so ya kwashe iyalinsa ya koma inda rayuwa ke da sauƙi, amma ga tsohuwarsa cikin gari, ga mahaifinsa da ƙafa ta fara gazawa, ga ƙannensa da ke duban hannunsa. In ya zauna bashi ya ci shi, in ya yi nisa yana tsoron haƙƙi.

Manya daga cikinmu suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin da ba a saba gani ba. Tun daga nan birane ba su daina cika ba. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum miliyan ɗaya a Yamai kaɗai, kuma duk wanda ya san Maraɗi ko Damagaram ko Tawa shekaru talatin da suka wuce ya san cewa gonakin da ake noma gero a cikinsu a da, yau unguwanni ne.

Da farko mu sani, tashi daga wuri zuwa wuri domin neman sauƙi ba laifi ba ne, kuma ba raunin tawakkali ba ne. A cikin Suratul Mulki, aya ta 15, Allah ya sanar da mu cewa ya hore mana ƙasa, ya kuma umurce mu da tafiya cikin sassanta muna ci daga arzikinsa. Zama a gidan da mutum ba ya iya biya, yana ɓuya daga mai gida kowane ƙarshen wata, yana ƙaryar cewa albashi bai fito ba, shi ne abin da ya fi kusa da laifi. Wani kuwa kunya ce kawai ke riƙe da shi, kada a ce wane ya koma bayan gari. Wannan kunya ba ta cikin kunyar da addini ya yaba.

To amma akwai haƙƙoƙi, kuma suna da tsari. Malaminmu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa ciyarwar da ta wajaba a kan namiji ita ce ta matarsa, ko da tana da dukiya, da ta iyayensa biyu idan matalauta ne, da ta ƴaƴansa ƙanana waɗanda ba su da dukiya. Mazauni yana cikin abin da mata ke bin mijinta. Saboda haka wanda ya nemi gida mai sauƙi domin ya samu rarar da zai ciyar da iyali da iyaye, yana kan sauke wajibi ne. Sai dai biyayya ga iyaye ta fi ciyarwa faɗi. Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ta yi maganar iyayen da tsufa ya riske su suna wurin ɗansu, ta hana ko da nuna musu ƙosawa. Kuma Imamu Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin da ya zo yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan hijira, ya baro iyayensa suna kuka, sai aka mayar da shi domin ya faranta musu kamar yadda ya sa su kuka. In hijira zuwa ga Annabi ba ta zama hujjar barin iyaye cikin hawaye ba, ina ga rarar jaka goma ta kuɗin haya?

Wani zai ce: ai yanzu nesa ta zo kusa, ga wayar salula, ga wuraren aika kuɗi a kowace unguwa. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce. Amma waya ba ta ɗaga tsoho daga shimfiɗa, ba ta kai shi gidan likita da tsakar dare, ba ta ganin cewa abincin da aka ajiye masa tun rana yana nan a rufe. Iyayenmu kuma ba su cika faɗin gaskiyar halinsu a waya ba. In ka tambaya, lafiya lau za a ce maka. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, sun san abin da suke faɗi.

Mene ne ma'aunin kusa? Shari'a ba ta yanke kilomita kaza ba, kuma ba mu da ikon yankewa. Abin da muke bai wa ƴan'uwa shawara da shi shi ne su auna da lokaci: in an kira ka da asuba aka ce jiki ya tsananta, yaushe za ka iso? Mu mutane ne da ba mu jinkirta jana'iza. Wanda ya rasu da safe, sau da yawa kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wanda ke zaune a Tibiri iyayensa suna Maraɗi, ko yana Mirya su suna Damagaram, ko yana Kollo su suna Yamai, zai iya zuwa ya gaishe su ya koma ya kwana gidansa, domin dukkan waɗannan ba su kai kilomita 40 ba. Wanda ya bar Maraɗi ya koma Yamai, tsakaninsa da su sama da kilomita 600 ne, wato yini guda cikin mota. Akwai kuma wani ma'auni da masu karatun fiƙihu za su gane da sauri. Tafiyar ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ce, wajen kilomita 80. Idan zuwa gaida mahaifiyarka ya kai tafiyar da ake rage salla a hanyarta, to ka zama matafiyi a kanta. Ba haramun ba ne, amma ya kamata mutum ya san cewa ya shiga wani hali daban, kuma ya tanadi wanda zai tsaya a madadinsa.

Sai lissafi, kuma a nan ne da yawa ke faɗawa. Ana duban kuɗin haya kaɗai a ce an sami araha. Mu ɗauki misali, ba don haka farashi yake a ko'ina ba: mutum yana biyan jaka 40 a tsakiyar gari, ya sami gida na jaka 20 a can ƙarshen gari. A ido ya ci ribar jaka 20. To amma wurin sana'arsa yana babbar kasuwa, kuma kabu-kabu zuwa da dawowa yana cin jaka ɗaya kowace rana. Cikin kwana 26 na aiki ya kashe jaka 26. Ga unguwar pampo bai iso ba, sai an saya wurin ƴan garuwa, kuma mutanen Damagaram ba su bukatar a yi musu bayanin abin da ruwa ke ci a watannin bazara. Ga yara da makarantarsu ta yi nisa. Ga kuɗin zuwa gaida iyaye, wanda da ƙafa ake yi a da. Irin wannan mutum ya yi nisa da danginsa, kuma bai rage komai ba. A ɗauki takarda da alƙalami a rubuta duka kafin a ɗaure kaya, kuma a sa kuɗin ziyara cikin lissafin tun farko kamar yadda ake sa kuɗin hatsi, domin abin da ba a ware wa kuɗi ba shi ne farkon abin da ake bari idan wata ya yi nisa.

Wanda zai sayi fili ya gina, ya tambayi kansa me ya sa filin ya yi araha. Sau da yawa amsar tana zuwa da damina. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta rushe shi aka hau da gari kan tudu. A 2012 da 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai da ke bakinsa, dubban mutane suka rasa matsuguni. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya faɗi. Duk da haka ana ci gaba da sayar da filaye a hanyar ruwa, cikin rani, lokacin da ƙasa ta bushe ba a gane komai. Kada ka sayi fili sai ka gan shi a watan Agusta, ko ka tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ke kwanciya. Kuma mai sayarwa da ya san aibin ya ɓoye, ya ci haramun, ko da an sa hannu a takarda.

Game da takarda kuwa, Allah ya yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu abu ne da kotunanmu suka gaji da ji. A cikin gari a bi ta ma'aikatar magajin gari, a ƙauye kuwa a bi ta maigari da kwamitin kula da filaye. A tabbatar ba gonar gado ba ce da ba a raba ba. Kuma kada son mallakar gida ya kai mutum ga bashin riba. Zaman haya da halal ya fi.

Unguwar kanta a dube ta. Akwai masallacin da ake salloli biyar? Akwai makarantar allo ko islamiyya? Su wane ne maƙwabta? Wanda zai bar matarsa da ƴaƴansa tun safe har dare, maƙwabta ne danginsa na kusa, ko ya so ko ya ƙi.

Wasu daga cikinmu, musamman mutanen Kwanni da Ɗan Isa da Magarya, suna ganin tsallaka iyaka zuwa Nijeriya ya fi sauƙi, tunda harshe ɗaya ne, dangi ma ɗaya ne, kuma Katsina ta fi Damagaram kusa da Maraɗi. Ba mu hana ba, amma a tuna cewa iyaka tana da ƙofa, kuma mabuɗin ba ya hannunmu. An rufe ta a watan Agusta na 2019 har zuwa ƙarshen 2020, an sake rufe ta a 2023 har cikin 2024. Mutane da yawa sun ga yadda tafiyar awa biyu ta koma ta bin daji da biyan kuɗi a hanya.

Yanzu kuma mu juya ga ɗaya ɓangaren, kada a fahimci cewa mafita kullum ita ce komawa cikin babban gida. Ga wasu hakan alheri ne: ba haya, tukunya ɗaya, jikoki suna gaban kakanni. Ga wasu kuwa nan ne zumunci ke mutuwa, a kan faɗan yara da buta da wutar lantarki, har ƴan'uwan ciki ɗaya su daina gaisawa. Ido wa ka raina, in ji Hausawa, wanda nake gani yau da gobe. Imamu Gazali ya kawo a cikin Ihya'u cewa Sayyidina Umar (RA) ya kasance yana son dangi su riƙa ziyartar juna maimakon su matsu wuri ɗaya, saboda gudun jayayya a kan haƙƙoƙi. Malaman mazhabarmu kuma sun tabbatar cewa, a asali, mace tana da haƙƙin ƙin zama gida ɗaya da dangin mijinta idan ba a shardanta mata haka ba, saboda abin da ke ciki na takura. Kuma ita ma tana da iyaye. Mu maza mun saba, idan muka ce kusa da gida, gidan ubanmu kaɗai muke nufi. Wajibin biyayya da ke kanmu yana kanta, kuma wanda ya kai ta inda ba ta ganin mahaifiyarta sai salla zuwa salla, ya sani da hannunsa a ciki.

Idan larura ta sa dole sai an yi nisa, to a tara ƴan'uwa a yi magana a fili: wa zai zauna kusa da tsofaffi, wa zai ɗauki kuɗin magani, wa zai zo a wane wata. Abin da muka fi gani shi ne a bar wa ƴa mace ɗaya ko autan gida dukkan wahalar, sauran su riƙa aiko da kuɗi jefi-jefi suna ganin sun sauke. Wanda ya zauna yana jinya ya ba da lokacinsa da sana'arsa, saboda haka na nesa su ɗauki kaso mafi girma na kuɗi.

Kafin a biya kuɗin gida ko na fili, a yi sallar istihara, a nemi shawarar wanda ya riga ya zauna a wurin damina ɗaya ko biyu, sannan a je wurin iyaye a zauna. Ba labari za a kai musu bayan an gama komai ba. Izini za a nema, a gaya musu dalili da lissafin yadda yake, a kuma faɗi ranar da za a riƙa zuwa, Jumma'a ce ko ranar kasuwa. Idan suka yi shiru, a sake komawa wata rana a tambaya, domin tsofaffinmu ba su cika cewa a'a da baki ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.